Wanda Ya Ɗaga Hannu A Sallame Shi, Ya Bar Aiki Ne Ko An Kore Shi?

Maganar da nake so mu duba a wannan fitowa magana ce ta aljihu, ta kuma shafi gidaje da yawa a cikinmu, musamman waɗanda 'ya'yansu suka ƙetare zuwa Birtaniya neman abinci, wasu a asibiti, wasu a gidajen kula da tsofaffi, wasu kuma a jami'o'i. Idan wurin aiki ya ce zai rage ma'aikata, ya buɗe ƙofa ya ce duk mai so ya karɓi kuɗin sallama ya tafi da son ransa, shin wanda ya karɓa yana da hakkin cin tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki? Amsar tana cikin kalmomin da aka rubuta a takardar sallamar, tana kuma cikin abin da mutum ya yi da kuɗin bayan sun shigo. Kan na biyun nan, mu da muke gida muna da hannu dumu-dumu.

Ba don nishaɗi na ɗauko zancen ba. A watan Maris na 2025 gwamnatin Keir Starmer ta ba da sanarwar rushe hukumar da ke gudanar da sha'anin asibitocin gwamnati a Ingila, wato NHS England, tare da rage dubban ma'aikatan ofis. A 2024 da 2025 jami'o'i da dama sun buɗe shirin sallama da son rai, domin ɗaliban ƙasashen waje sun ragu, har da namu na Nijeriya, bayan faɗuwar naira a 2023 da kuma dokar Janairun 2024 da ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalinsu. Jami'ar Cardiff kaɗai ta yi zancen rage guraben malamai 400 a Janairun 2025. Ke nan takardar nan tana yawo, ba kuma za a rasa 'ya'yanmu cikin masu karɓarta ba.

Idan ɗa ya bugo waya ya ce, “Baba, an ce in ina so a ba ni fam 20,000 in bar aikin,” na san amsar da yawancinmu za mu bayar. Za mu yi lissafi a ka, mu ga a canjin 2025 kuɗin sun haura naira miliyan 35, mu ce, “Karɓi maza kafin su sake shawara.” Ban ga laifin kowa ba. Ƙasarmu ce ta koya mana haka. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekaru suna bin hakkinsu, da yawa suka mutu ba su gani ba. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya tsaya a 2003, amma sai a 2018 gwamnati ta saki wani kaso mai tsoka na kuɗin tsofaffin ma'aikatansa. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, in aka miƙo masa kuɗi a hannu ba ya tambayar me ke bayansu. Sai dai Birtaniya tsarinta daban ne, shawarar da ta yi daidai a Kakuri tana iya jefa mutum cikin rami a Manchester.

Bari in shimfiɗa tsarin yadda mai karatu zai gane. Tukunya biyu ce ake ɗiba wa wanda ya rasa aiki. Ta farko ita ce kuɗin masu neman aiki, wadda suke taƙaita sunanta JSA. Wannan kamar adashi take: duk wata ana cire wani abu daga albashin ma'aikaci a zuba a inshorar ƙasa, in ya zuba isasshe a shekarun haraji biyu na baya-bayan nan, ranar da aiki ya ƙare sai ya kwasa. Ba a duba ajiyarsa ta banki, ba a duba albashin matarsa ko na mijinta. Amma ba ta da yawa, ba ta kuma daɗewa. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, mai shekara 25 zuwa sama yana samun fam 92.05 a mako, na tsawon kwana 182, wato wata shida. Duka-duka bai cika fam 2,400 ba. Tukunya ta biyu ita ce Universal Credit, wadda ta fi girma domin tana taimakawa da kuɗin haya da na yara, amma ita tana leƙa aljihun mutum da na abokin zamansa kafin ta ba da ko kwabo.

Dukansu biyu suna da sharaɗi ɗaya. Wanda ya ajiye aikinsa da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ana hukunta shi da dakatar da kuɗin ko rage su, a karo na farko har mako 13, in ya maimaita kuma har mako 26. Hikimar a fili take, adashin an yi shi ne domin wanda masifa ta faɗo wa, ba a so mutum ya gaji da tashin asuba ya zo ya kwanta a kan gumin wasu.

To, wanda ya ɗaga hannu ya ce a sallame shi fa? A nan dokar Birtaniya ta yi abin da na ga ya dace a yaba. Ta ce idan wurin aiki ne ya yanke shawarar rage ma'aikata domin aikin ya ƙare ko ya ragu, abin da suke kira ridandansi, sannan mutum ya miƙa kansa aka sallame shi a kan wannan dalili, to ba a lissafa shi cikin waɗanda suka bar aiki da kansu. A idon doka sallamarsa aka yi, ko da shi ya ce a fara da shi. Ba hukunci a kansa, yana iya neman JSA da zarar aikin ya ƙare.

Na goyi bayan wannan da zuciya ɗaya. In an ce cikin mutum 100 dole 30 su tafi, gatari ya riga ya sauka, abin da ya rage shi ne a kan wa. Dattijon da ya kusa ritaya, 'ya'yansa sun girma, ya ce, “Ku ɗauke ni ku bar yaron nan mai jarirai,” bai gudu daga aiki ba, ya dai zaɓi ya ɗauki abin da dole wani ya ɗauka. Asusun gwamnati bai yi asarar komai ba, domin ko ta yaya mutum 30 za su zo layi. A hukunta irin wannan mutum, an koya wa kowa ke nan ya maƙale har sai an fizge shi da ƙarfi, wannan kuwa ba ya amfanin kamfani, ba ya amfanin ma'aikata. Kanada ma tana da irin wannan tanadi: wanda ya tafi cikin shirin rage ma'aikata da ofishin gwamnati ya amince da shi, tafiyarsa kuma ta ceci gurbin abokin aikinsa, yana cin tallafinsa.

Akwai masu ganin akasin haka, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. A Jamus, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar raba gari da wurin aikinsa, asali ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya sa hannu wajen jawo wa kansa rashin aiki. Ana dakatar masa da tallafi na mako 12, a kuma yanke aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon lokacin da zai ci. Tallafin nasu kuwa mai kauri ne, kashi 60 cikin ɗari na albashin da yake kai wa gida, ko 67 in yana da ɗa, saboda haka asarar ba ƙarama ba ce. Ana ɗaga masa ƙafa ne in ya nuna cewa da ma sallamarsa za a yi, kuɗin da aka ba shi kuma ba su wuce ƙa'ida ba. Tunanin Jamusawa shi ne kada manyan kamfanoni su mai da asusun jama'a hanyar rage ma'aikata da araha, su tura tsofaffi gida a bar wa gwamnati ciyarwa. Na fahimci wannan tsoro. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce laifin kamfani a ɗora wa ma'aikaci. In kamfani ne yake wasa da asusu, a kama kamfanin. Ma'aikacin da aka kira ofis aka ce masa ga takarda, in ba ka sa hannu yau ba gobe za ka tafi da ƙasa da haka, sunan abin “son rai” ne kawai, amma kowa ya san ran nasa ba ya so.

Yanzu ga inda ramin yake a Birtaniya. Takardu iri biyu ne suke yawo, kamanninsu ɗaya, kuɗinsu ma wani lokaci ɗaya. Ɗaya ita ce wadda na bayyana, sallama saboda rage ma'aikata. Ɗayar kuma yarjejeniya ce ta rabuwa da amincewar juna, inda ba a ce gurbin mutum ya mutu ba, an dai ce in yana so ya ajiye aiki a ba shi wani abu. Asibitocin gwamnati suna da irin wannan shiri da suke kira MARS, wanda ma'anar sunansa ita ce murabus bisa amincewar ɓangare biyu, jami'o'i da yawa ma ta wannan ƙofa suke farawa. Wanda ya bi ta nan, a rubuce murabus ya yi. Kariyar da doka ta ba na farko ba ta rufe shi kai tsaye. Zai je Jobcentre, wato ofishin masu neman aiki, a tambaye shi dalilin barin aikinsa, wani jami'i ya duba ko dalilin ya isa. Yana iya tsira, musamman in yana da shaida a rubuce cewa wurin na shirin rage mutane, yana kuma iya shan mako 13. Ma'aikata biyu da suka zauna teburi ɗaya shekara goma, suka fita rana ɗaya da kuɗi ɗaya, sai ɗaya ya ci ɗaya ya rasa, saboda kalma guda. Wannan a wurina rashin adalci ne, kuma masu rubuta takardun sun fi ma'aikaci sanin bambancin nesa ba kusa ba. Don haka tambaya ta farko da uba zai yi wa ɗansa a waya ita ce, “Me aka rubuta a matsayin dalilin ƙarewar aikin?” In dalilin rage ma'aikata ne, a nemi a rubuta shi ɓaro-ɓaro, a kuma adana duk wasiƙar da shugabanni suka aiko suna zancen ragin.

Sau da yawa kuɗin suna zuwa ne tare da wata takarda ta sasantawa, wadda a cikinta ma'aikaci yake yafe hakkinsa na kai ƙara kotun ma'aikata. Ƙarin da ake yi masa a kan abin da doka ta tilasta, farashin wannan hakki ne, ba kyauta ba ce. An ga haka ƙarara ranar 17 ga Maris 2022, lokacin da kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries ya sallami ma'aikata kusan 800 ta saƙon bidiyo, ba tare da tuntuɓar ƙungiyoyin ƙwadago ba. Shugaban kamfanin na lokacin, Peter Hebblethwaite, ya amsa a gaban kwamitin majalisa cewa sun san doka ta ce a tuntuɓa, suka zaɓi ƙin yi. Duk da haka kusan dukan ma'aikatan sun sa hannu sun karɓi kuɗin, domin mai iyali ba ya iya jiran shari'a. Abin da ya kamata 'ya'yanmu su sani shi ne, dokar hakkin ma'aikata ta 1996 ta ce irin wannan takarda ba ta da ƙarfi sai ma'aikaci ya sami shawara daga lauya mai zaman kansa ko jami'in ƙungiyar ƙwadago da aka tantance, yawanci kuma wurin aikin ne ke biyan wani abu na kuɗin lauyan. Hukumar sasanta rikicin ma'aikata, Acas, ta ce a ba mutum aƙalla kwana 10 ya yi nazari. Wanda aka ce ya sa hannu kafin a tashi aiki yau, ya ce a ba shi kwanakinsa. Lauyan nan kuma sau da yawa iyakarsa bayanin hakkin da aka yafe, zancen tallafi sai an tambaya, ko a je ofishin Citizens Advice inda ake ba da shawara kyauta.

A kuma auna tayin da abin da mutum zai samu ko bai ɗaga hannu ba. Wanda ya yi shekara biyu cur a wuri yana da kuɗin sallama na doka: albashin mako ɗaya kan kowace shekara da ya yi tsakanin shekara 22 da 40 da haihuwa, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, rabin mako ƙasa da 22, ba a lissafa fiye da shekara 20, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 an tsayar da albashin mako da ake lissafi da shi a fam 719. Misali, mai shekara 45 da ya yi shekara 10 yana ɗaukar fam 500 a mako, hakkinsa mako 12 ne, fam 6,000. In an yi masa tayin 9,000, ainihin abin da ake sayen amincewarsa da shi 3,000 ne. Fam 30,000 na farko na kuɗin sallama ba haraji a kansu, amma kuɗin da aka biya a madadin wa'adin sanarwa da na hutun da ba a ci ba albashi ne, ana cire musu haraji. Mutane da yawa sun yi lissafi da jimillar da ke kan takarda, suka ga wani abu daban a banki.

Mu koma tukunya ta biyu, domin a nan ne maganar ta shigo gidajenmu. Universal Credit tana ɗaukar kuɗin sallama a matsayin dukiya. Wanda dukiyarsa da ta abokin zamansa ta haura fam 16,000 ba ya samun komai. Tsakanin 6,000 da 16,000 ana rage fam 4.35 a wata kan kowace 250, ke nan mai 10,000 ana cire masa fam 69.60 duk wata. Lokacin da kamfanin ƙarfe na Tata ya kashe manyan murahunsa a Port Talbot da ke yankin Wales a 2024, abin da ya shafi guraben aiki kusan 2,800, mafi ƙanƙantar tayi ga cikakken ma'aikaci shi ne fam 15,000 da ƙarin 5,000. Abin ya yi kyau a ji, amma ya riga ya tsallake 16,000. Mai iyali da ke zaman haya sai ya ci kuɗin sallamarsa da kansa, wata bayan wata, har su sauko ƙasa da iyaka, sannan a saurare shi, bayan haka ma sai ya jira kusan mako biyar kafin biyan farko. Wannan iyaka ta 16,000 tun 2006 aka sa ta ba a ɗaga ba, alhali haya da abinci sun yi tashin da kowa ya sani. A ganina tana hukunta mai tattali, tana kuma mai da kuɗin sallama tamkar rancen da ma'aikaci ya ba gwamnati ba da saninsa ba. Amma ra'ayina ba ya canja doka, haka take, haka kuma za a yi mu'amala da ita. Kallon kitse muke yi wa rogo idan muka juya kuɗin zuwa naira, domin ba a kasuwar Terminus ko ta Sabon Gari za a kashe su ba.

Wani mai wayo zai ce, to a turo kuɗin gida mana, a sayi fili, a ɗora gini, sai asusu ya sauko. 'Yan'uwa, sun riga mu tunanin wannan. Akwai ƙa'idar da ta ce wanda ya rabu da dukiyarsa domin ya sami tallafi ko ya ƙara yawansa, za a lissafa shi kamar har yanzu kuɗin na hannunsa. Ana neman takardun banki, ana tambayar ina kuɗi suka tafi da dalili. Biyan bashi na gaske ba laifi ba ne, sayen abin bukata daidai hali ba laifi ba ne. Amma kyauta mai yawa gab da neman tallafi tana jawo tambaya. Fili ko gida a Jos ko Yola ko Zonkwa kuwa dukiya ce da dole a bayyana, kasancewarta a ƙetaren teku ba ta fid da ita daga lissafi, ɓoye ta kuma zamba ce da ake kai mutum kotu a kanta. Ke nan ɗan da ya ji kunyar iyayensa ya turo fam 8,000 a gama rufin gida yana iya wayar gari ba kuɗin, ba tallafin, ga mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa.

Zan faɗi wadda ta fi ɗaci, domin ta shafi masu irin aikina. Da zarar labari ya iso cewa wane ya sami “buɗi” a Turai, sai takardun gayyata su fara tafiya: ƙaddamar da ginin majami'a, shugaban taron baikon godiya, kayan kiɗan matasa, motar fasto. Muna kiran kuɗin sallama buɗi alhali abincin watannin da ba albashi ne, aka tara shi wuri ɗaya. Babu wani layi a ƙa'idar da ya keɓe baiko daga tambaya. Jami'in yana duba nufin mai bayarwa ne. Wanda ya shekara biyar yana fitar da zakkarsa duk wata, shaida kuma tana banki, yana da abin faɗa. Wanda bai taɓa ba da fiye da fam 20 ba, sai ga 5,000 sun fita mako biyu kafin ya cika fom, zai sha wuyar bayani. Abin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa kan bayarwa ba ni da ikon shiga. Abin da nake da ikon faɗa shi ne kada kwamitin ikilisiya ya aika wa wanda aka sallama takardar neman gudummawa sai ya sami wani aiki. Ina roƙon dattawa su mai da wannan ƙa'ida a majalisunsu, su rubuta ta a littafin taro, kada ta tsaya a baki.

Duk abin da na faɗa ya shafi wanda yake da takardar zama ta dindindin ko ya zama ɗan ƙasa. Da yawa cikin 'ya'yanmu ba su kai nan ba, suna kan bizar aiki wadda wurin aikin ne ya tsaya musu. Irin wannan biza an hana mai ita cin kuɗin jama'a, Universal Credit kuma tana ciki. JSA ba ta cikin jerin da aka hana, da yake zubinsa ne, amma wannan ƙaramar magana ce a gefen babbar. Ranar da aikin ya ƙare, wurin aikin zai sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma yawanci takan rage bizar zuwa kwana 60, na mutum da na iyalin da ke ƙarƙashinsa. In bai sami wani mai tsaya masa ba cikin kwanakin, sai haɗa kaya. Tun 22 ga Yulin 2025 kuma an rufe ɗauko sababbin masu kula da tsofaffi daga waje, saboda haka wanda ya fito ta wannan ƙofa ba lalle ya sake shiga ta ita ba. Ga mai irin wannan biza, shawarata a taƙaice take: kada ya ɗaga hannu sai yana riƙe da takardar sabon aiki daga wurin da ke da lasisin tsaya wa baƙi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma waɗanda suka cancanta amma kunya ta hana su nema. An tarbiyyantar da mu cewa mai lafiya ba ya miƙa hannu, tarbiyya ce mai kyau. Sai dai wanda ya kwashi adashin da ya zuba ba bara ya yi ba. Banda haka, makonnin da mutum yake kan JSA ana rubuta masa su kamar ya zuba inshora, suna shiga lissafin fanshon gwamnati, wanda a sabon tsari yake bukatar aƙalla shekara 10 kafin a sami wani abu, 35 kuma kafin a sami cikakke. Wanda ya ce bari in ci kuɗin sallamata tukuna, in sun ƙare na je, yana iya tarar da shekarun da ake duba zubinsa sun gota.

Masu 'ya'ya a Amurka su lura cewa can kowace jiha da dokarta. A jihohi da yawa wanda ya karɓi tayi ya tafi alhali aikinsa na nan ana ɗaukarsa ya bar aiki da kansa, amma a Pennsylvania kotun ƙolin jihar ta yanke a 2012 cewa wanda ya karɓi irin wannan tayi cikin shirin rage ma'aikata da kamfani ya ƙirƙiro yana da hakkin tallafi. Ranar 28 ga Janairu 2025 gwamnatin Trump ta aika wa ma'aikatan tarayya kusan miliyan biyu tayin su yi murabus a ci gaba da biyansu har 30 ga Satumba, kimanin 75,000 suka karɓa a zagayen farko. Kalmar da ke kan wannan tayi murabus ce, ofishin kowace jiha kuma da ita zai fara. Dokar 1990 ta ba mai shekara 40 zuwa sama kwana 21 na nazari kafin ya yafe hakkin ƙarar wariyar shekaru, ko 45 in sallamar taro ce, da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu.

A gida Nijeriya tambayar ma ba ta tasowa yadda take tasowa a can, domin ba mu da asusun tallafin marasa aiki. Amma takardar son rai tana nan. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe shirin barin aiki da wuri, ma'aikata kusan 1,000 suka fita, aka yi zancen naira biliyan 50, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike, bankin kuwa ya nace cewa ba wanda aka tilasta. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata a sanar da ƙungiyarsu, a fara da wanda ya shigo daga baya tare da duba cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Amma sashen ya fassara ragin da rasa aiki ba da son rai ba. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa shi ya nemi tafiya, ya wahalar da kansa in gobe ya je Kotun Masana'antu ta Ƙasa yana cewa tura shi aka yi. Abin da ya fi kusa da tallafi a wurinmu shi ne tanadin Dokar Fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki ko aka sallame shi, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho, da amincewar PenCom. Wannan kuwa cin tsufansa yake yi tun da sauran ƙarfi, kuma yana amfanar wanda wurin aikinsa ya zuba kuɗin da gaske ne kawai, kashi 10 na mai aiki da 8 na ma'aikaci. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a je ofishin kamfanin fansho a karɓo bayanin asusu, a ga ko watannin duka sun shiga, domin bayan an fita ƙofa bin bashin zubi ya fi wuya.

Afirka ta Kudu tana da asusun inshorar rashin aiki, inda ma'aikaci ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa, mai aiki ma ya zuba ɗaya. Ba Turai ba ce, ba kuma ta rasa nata matsaloli ba. Idan 'yan majalisarmu suka zo gaisuwa ranar taron shekara, kamar yadda suka saba in zaɓe ya gabato, ina so wani dattijo ya tashi ya tambaye su me ya hana a kafa irinsa a nan, in kuma za a kafa, a rubuta tun farko cewa wanda ya miƙa kansa cikin ragin da wurin aiki ya ƙirƙiro yana cikin masu cin asusun.